Kyanwa ta ɓata bayan tarewa a sabon gida: yadda ake nemanta daki-daki

Tambayar nan ta sha zuwa mini, kuma kusan kullum da fasali ɗaya take zuwa: mun tashi daga tsohon gida, mun sauke kaya a sabo, gari ya waye babu kyanwa, ita kuwa tun tana ƙarama ba ta taɓa taka ƙofar gida ba. Mai tambayar yakan ƙara da cewa ya riga ya hau babur ya zagaye unguwa uku yana ƙwala mata kira. Wannan zagayen shi ne kuskuren farko. Kyanwar da ta saba da zaman ɗaki ba ta yin nisa idan ta firgita. Lungu mafi kusa mai duhu take samu ta shige, ta yi lamo, ko ta ji muryarka ba za ta amsa ba.

A shekarar 2018 masu bincike daga Jami'ar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya sun fitar da sakamakon nazari a kan kyanwoyi 1,210 da suka ɓata. Kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gano, cikin mita 500 daga inda suka kuɓuce aka same su. 'Yan zaman ɗaki kuwa, uku cikin huɗu ba su wuce mita 137 ba, wato tsawon filin ƙwallo da 'yar ɗoriya. Kashi 34 cikin 100 sun koma hannun masu su da rai a cikin kwana 7 na farko, bayan kwana 90 kuma kaɗan ne ake samu da rai. Ginin gidajen can daban yake da namu, amma halin kyanwa ɗaya ne a ko'ina. Saboda haka matakan da ke ƙasa duk a kan abu guda suke: nema a kusa, a durƙushe, cikin natsuwa, kuma tun makon farko.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai ƙarfi ita ce kan gaba. Fitilar waya ba ta isa ba, haskenta bajewa yake yi, ba ya ratsa cikin kwalbati ko silin. Sai kifin gwangwani ko busasshen kifi, kwanon da ta saba ci a ciki, tawul mai kauri ko bargo, kwandon roba mai murfi ko akwatin da kake kai ta asibiti a ciki, rigarka da ka sa ba a wanke ba, da hoton kyanwar wanda ya nuna jikinta gaba ɗaya. Yawancin waɗannan suna gida, ba sai ka kashe ko sisi ba. Inda kuɗi zai fita shi ne buga hoto, tukuicin yara, kejin tarko idan abin ya kai ga haka, da kuɗin likitan dabbobi bayan ta dawo. A cikinsu na likita ne bai kamata a yi masa ƙoro ba.

1. Tsayar da inda aka rabu da ita

Kafin ka ɗaga ko kujera ɗaya, tara mutanen gida ka tambaya: wa ya gan ta ƙarshe, a ina, da wane lokaci? Ba tambayar banza ba ce, domin wurin da za ka nema ya rataya a kan amsarta. Wuri uku ne: ko ta sulale a tsohon gida lokacin da ake loda kaya ƙofofi a buɗe, ko ta dira a hanya, ko ta iso sabon gida sannan ta ɓace. Yara sukan fi manya riƙe irin wannan, a tambaye su ba tare da tsawa ba, don wanda ya bar ƙofa a buɗe ba zai faɗa ba in ya ga ana neman mai laifi.

Ka kira direban a-kori-kura ko babbar motar da ta kwaso kayan, ka roƙe shi ya duba ƙarƙashin kujeru, cikin tamfol da wajen tayar safaya. A kira shi yau, kafin ya ɗauki wani lodin zuwa wani gari. In a hanya ta dira, wurin da ta dira shi ne cibiyar nemanka, duk abin da zan faɗa a mataki na 3 da na 4 can za ka yi shi.

2. Rufe gida, ka bincike shi kamar mai neman allura

A nan nake so ka fi ɓata lokaci, domin kyanwoyi da yawa da ake yi wa cigiya a titi ba su ma fita daga gidan ba. Tamu kwana biyu muka yi muna nemanta a waje, ashe tana cikin kujerar falo: yadin da ke ƙarƙashin kujerar ya yage wajen lodi, ta shige ta kwanta a kan katakon ciki. Mun zauna a kan kujerar nan muna jajanta wa juna, ko motsi ba ta yi ba.

Fara da rufe ƙofar waje da tagogi, don kada bincikenka ya kore ta zuwa titi. Ka sallami masu taya jera kaya, a kashe rediyo da talabijin, a fitar da yara tsakar gida. Sai ka bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗakin da ka gama, ka ja ƙofarsa ka rufe, in ba haka ba tana iya komawa inda ka riga ka duba kana can kana duba wani.

Ƙa'idar ita ce duk ramin da kanta zai shiga, jikinta ma zai iya bi. Kada ka ce wuri ya yi mata ƙanƙanta. Ka duba kowane kwali, har wanda aka liƙe da salatif, da jakunkunan bakko da na Gana-mas-go, da cikin katifar da aka naɗe, da dardumar da aka nannaɗe. Ka zaro kowace durowa gaba ɗaya ka haska bayanta, don akwai sarari tsakanin durowa da bangon kabad wanda kyanwa ke so ƙwarai. Ka kifa kujerun kushin a hankali ka taɓa yadin ƙasa, in ka ji nauyi ko ɗumi to ka samu. Bayan firji wajen injinsa, cikin injin wanki, cikin tanda, ƙarƙashin matakala, saman kabad, bayan buhunan hatsi a sito, duk a haska.

Sai silin. Sabon gida ko gidan da aka daɗe ba kowa yakan kasance da ɓallen silin ko ƙofar hawa da masu gyaran wuta suka bari a buɗe. Kyanwa takan hau kabad ta tsallaka ciki. Ka tsaya tsakiyar ɗaki da dare ka kasa kunne, takun ƙafarta a kan silin yana jiyuwa.

Gargaɗi: kada a kunna injin wanki ko tanda, kada a jefar da kwalaye a bola ko a sayar wa 'yan bola jari, sai an buɗe an duba. In za ka hau silin, a kashe wutar gidan daga mita, ka taka katako kawai, kuma ka hau da sassafe ko da yamma, don zafin ƙarƙashin kwano da rana yana iya sumar da mutum.

In ka gama ba ka gan ta ba, ajiye abinci da ruwa a ɗakuna biyu ko uku ka rufe ƙofofinsu, ka kwana. Ɗakin da aka taɓa abincinsa, a nan take. Sai dai a tuna ɓera ma yana ci.

3. Tsakar gida da gidajen da ke manne da naku

Idan ta tabbata ta fita, tsaya a ƙofa ko tagar da kake zargi ka dubi wurin da idon kyanwa. Ba ta ratsa fili. Jikin bango take bi har ta tarar da maɓuya ta farko. Bi bangon ta dama, ka dawo ka bi ta hagu. Ɗakin janareta, ƙarƙashin tankin ruwa, tarin bulo ko katakon da magina suka bari, bayan akurkin kaji, cikin tsofaffin tayoyi, bakin kwata da cikin kwalbati. Ka leƙa rijiya da sokawe da duk ramin da ba shi da murfi, ko da zuciyarka ba ta so.

Mota tana da nata haɗarin, musamman da hunturu, lokacin da kyanwa ke bin ɗumin inji ta shige ta ƙasa. Kafin kowa ya tayar da mota a gidan, a bubbuga bonet, a buɗe a duba, a leƙa saman tayoyi. Ka roƙi maƙwabta su yi haka na 'yan kwanaki.

Daga nan sai gidajen maƙwabta: biyar ta kowane gefe, da waɗanda ke bayanku, waɗanda ƙofarsu ke wani layin amma katangarku ɗaya. Mutane sukan manta da na bayan, alhali ta kan katanga nan ne mafi kusa. Matsalar ita ce kai baƙo ne a unguwar, ba wanda ya san ka. Ka yi sallama da rana tsaka, ka gabatar da kanka kafin ka kawo buƙata: "Salamu alaikum Baba, mu ne muka tare a gidan nan na kusa da ku shekaranjiya. Kyanwarmu ce ta fita, ba ta san gari ba. Ko za a taimaka a bar mu mu duba bayan ɗakuna da sito?" In gidan ba a shiga ne, uwargida ko wata 'yar'uwa ta shiga da tocila. Abin da ba na so ka yarda da shi shi ne "to, za mu duba, in mun gani za mu faɗa". Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma ba wanda zai kwanta rubda ciki a ƙarƙashin tankinsa saboda kyanwar wani. Ka nemi izini cikin ladabi a duba a gabanka, ko naka ya duba.

Kango da gidan da ba a gama ginawa ba su ne maɓuyar da ta fi kowace. A nemi mai gadin wurin ko mai shi kafin a shiga. Haka shago, gareji ko sito da aka buɗe ranar da kuka tare sannan aka kulle: kyanwa takan shiga a rufe da ita ba a sani ba.

Gargaɗi: kada ka zura hannu cikin rami ko tarin bulo da ba ka ga cikinsa ba. Inda kyanwa ke so, maciji da kunama ma suna so. Haske ya riga hannu shiga.

4. Neman dare

Kyanwa ta fi motsi da magariba da kuma gab da asuba, wadda ta tsorata kuwa takan jira sai ƙafa ta ɗauke. Lokaci biyu nake ba da shawara: bayan an kashe janaretoci gari ya yi tsit, da kuma kafin kiran sallar farko. Ko da rana ma tocila tana da amfani, amma da dare ne take aikinta na gaske, domin idon kyanwa yana mayar da haske. Riƙe tocilar kusa da fuskarka, daidai da idonka, ka durƙusa ka share ƙarƙashin motoci da cikin kwata da ita a hankali. Ɗigo biyu masu ƙyalli kake nema. Ka ɗaga ta sama ma, kan katanga, rufi da rassan bishiya.

Mutum ɗaya ko biyu sun isa, kuma a cikinsu a sami wanda kyanwar ta fi sabawa da shi. Kira da muryar da kake kiranta cin abinci, ƙasa-ƙasa. Ka ɗan ƙwanƙwasa cokali a kwanonta ko ka girgiza ledar abincinta. Bayan kowane kira ka yi shiru na minti ɗaya ko biyu. Yawancin mutane suna kira suna tafiya, ba sa tsayawa su ji amsa, kukan kyanwar da ta maƙale kuwa siriri ne ƙwarai. Wani lokacin ma zama ya fi yawo: shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ka yi ta hira a hankali da wani na gida. Muryar da ta sani cikin kwanciyar hankali ta fi jawo ta a kan kiran da ke cike da tashin hankali.

Gargaɗi: baƙon fuska da tocila yana leƙen ƙarƙashin motocin mutane da ƙarfe biyun dare, kowa ya san abin da za a ɗauke shi. Tun da rana ka sanar da mai unguwa, masu gadi da 'yan sintiri, ka nuna musu hoton, in da hali ɗayansu ya raka ka. Kada ka haska cikin tagar kowa, kada ka haura katanga. Mace kada ta fita ita kaɗai. In unguwar ba ta da tsaro da dare, a tsaya ga magariba da bayan sallar asuba.

5. Abinci, ƙamshin gida da toka

Kusa da inda ta fita, a wuri mai rufi a jikin bango, ajiye kwali a kife da ƙofa a yanke a gefe, ka sa rigarka ko tsumman da take kwanciya a kai a ciki. Gefe ka ajiye ruwa da ɗan kifi. Ruwan ya fi muhimmanci da bazara. Abincin a sa shi da magariba a ɗauke da safe, kullum a lokaci ɗaya, kuma kaɗan, don yawansa gayyatar karnuka da muzuran unguwa ne. Saboda tururuwa, ɗora kwanon a cikin faranti mai ɗan ruwa.

Wasu suna cewa a fitar da kaskon yashin da take bayan gida a ciki don ta ji warinsa. Ni ba na ba da wannan shawarar. Warin yana iya jawo muzurun da ke riƙe da layin, shi kuwa in ya zo korar baƙuwa zai yi.

Don ka san wa ke cin abincin, barbaɗa toka ko lallausan yashi kewaye da kwanon. Sawun kyanwa zagayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce, na kare kuwa da farce yake fitowa. Sawu ba zai gaya maka ko taka ce ba, amma zai nuna ta inda ake zuwa. In kana da tsohuwar waya, jingina ta a taga daga ciki, a jone da caji, ta ɗauki bidiyon wurin da dare. In wani maƙwabci yana da kyamarar tsaro, a roƙe shi a duba daren da ta fita tun kafin na'urar ta goge.

6. Cigiya

Takardar cigiya ba ta son surutu: babban hoto mai launi, kalmar CIGIYA da manyan baƙaƙe, launin kyanwar, sunan layi, lambar waya, da jumla ɗaya, "Kada a kore ta, a kira wannan lamba." A sa a leda saboda ruwa da ƙura, a liƙa daidai idon mai tafiya a ƙasa, a mashigar layinku, bakin masallaci bayan an nemi izini, wajen mai shayi da kantin unguwa. Goma ko ashirin a kusa sun fi ɗari a warwatse cikin gari. A tura hoton zauren WhatsApp na unguwar da shafukan Facebook na garin.

Amma cigiyar baki ta fi ta takarda aiki a wajenmu. Waɗanda ke waje lokacin da kowa ke barci su za ka nema: mai gadi, mai shayi, mai tsire, ladan, 'yan ga-ruwa, masu kwasar shara, almajiran makarantar allo ta kusa. Mai tsire da mai kifi musamman, don yunwa takan kai kyanwa inda ƙamshi yake.

Ga inda ake yawan tafka kuskure. Ka ce wa yara "duk wanda ya kamo ta yana da kaza", kafin la'asar za a kawo maka magen kowa a unguwar cikin buhu, taka kuwa an bi ta da gudu da duwatsu ta ƙara nisa. Tukuicin na wanda ya nuna inda take ne, ba tare da ya taɓa ta ba. Ka faɗa ka maimaita. In baƙa ce, ka ƙara ƙoƙari wajen sanar da mutane cewa tana da masu ita, don har yanzu akwai masu camfa baƙar mage, su gan ta a tsakar gida da dare su ɗauko sanda. Ka kuma roƙi maƙwabta su dakata da sa maganin ɓera da gam ɗin ɓera na ɗan lokaci.

Gargaɗi: kada ka rubuta adireshin gida ko adadin tukuici a takarda. Ka ɓoye alama ɗaya ta jikinta, kamar tabo a kunne ko farin gashi a ciki, don gwada mai kira. Duk wanda ya ce tana hannunsa amma sai ka tura kuɗin mota ko katin waya, ka ce ya turo hotonta tukuna. Ba a biya sai an gani da ido, kuma a haɗu a bainar jama'a.

In an taɓa dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ka sani ba ta nuna inda dabba take. Lamba ce kawai da likita ke karantawa da na'ura in an kai masa ita. Amfaninta shi ne ka sanar da asibitocin dabbobi na kusa, ka tabbatar lambar wayarka da ke rajistar tana aiki.

7. Tsohon gida

Kyanwar da ta saba yawon waje takan yi ƙoƙarin komawa tsohuwar unguwa, musamman in babu nisa. Wadda ba ta taɓa fita ba da wuya ta yi haka, don ba ta san hanyar ba tun farko. Duk da haka ka je sau ɗaya da kanka, ka buɗe kowane ɗaki da kabad ɗin bango, don an sha kulle kyanwa a gidan da aka kwashe kaya. Ka bar hoto da lambarka wajen tsofaffin maƙwabta da wanda ya karɓi makulli. Kada ka raba ƙarfinka biyu: in an tabbatar ta iso sabon gida, can ne aikin yake.

8. Ka gan ta: kada ka yi wuf

Nan ne mutane ke zubar da wahalar kwana da kwanaki cikin daƙiƙa ɗaya. Kyanwar da ke kwana a ƙafafunka, wadda ko yakushi ba ta taɓa yi ba, a waje tana iya kallonka kamar ba ta taɓa ganinka ba. Tsoro ne ya rufe ta. Ka tsaya inda kake, ka zauna a ƙasa, ka ɗan juya mata gefe, kada ka zuba mata ido. Yi magana a hankali, ka jefa ɗan kifi tsakaninku, na gaba ya fi matsowa kusa da kai. Yana iya ɗaukar rabin awa ko fiye. In ta iso tana ci, bar ta ta shinshina hannunka, sannan ka lulluɓe ta da tawul gaba ɗaya, ka sa ta cikin kwando ka rufe tun a wurin. Kada ka rungumo ta a hannu zuwa gida, ƙarar babur ɗaya ta isa ta sa ta fizge.

In ta gudu, kada ka bi ta. Ka ga inda ta shiga, ka riga ka ci rabin nasara. Mayar da abinci da ruwa kusa da wurin, ka koma dabarar tarko.

Tarko mafi sauƙi shi ne gidan kansa. In tana zuwa cin abinci a ƙofa, kowane dare ka matso da kwanon ciki kaɗan, har ya shiga zaure ko kicin. Ɗaura igiya a ƙofar, ka zauna nesa a cikin duhu, in ta shige sosai ka ja. Na biyu shi ne irin wanda yara ke kama kurciya da shi, sai dai babba: keji ko babban kwando mai nauyi a kife, an tokare gefe ɗaya da sanda mai igiya. A ɗora masa nauyi ta baya don kada ta ɗaga shi, kuma kada a ja sai jikinta duka har wutsiya ya shige. Na uku shi ne kejin waya mai ƙofar da ke faɗawa da kanta in an taka faranti a ciki. Ana samu wajen wasu likitocin dabbobi, mai walda ma zai iya ƙera shi in ka nuna masa hoto. Dare biyu na farko a ɗaure ƙofar a buɗe ta saba ci a ciki, sannan a ɗana. Da zarar ta kamu a rufe kejin da zane, duhu yana kwantar mata da hankali.

Gargaɗi: ban da tarkon gafiya mai ƙarfe, ban da zarge, ban da gam. Kada a ɗana keji a tafi barci, a riƙa dubawa aƙalla kowace awa biyu, kuma kada a bar shi a rana. In ta cije ka ko ta yakushe ka har jini ya fito, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka je asibiti a ranar. Cizon kyanwa yana da zurfi, yana saurin ruruwa, ga kuma batun ciwon haukan kare, musamman in wadda ta cije ka ba taka ba ce ko ba a yi mata rigakafi ba.

In a bishiya ko kan rufi take, sa abinci a ƙasa ka janye mutane, yawanci da dare takan sauko. In ta faɗa rijiya ko rami, zura kwando ko bokiti da tsumma a ciki, ko dogon katako da aka naɗe da buhu ta hau. Kada kowa ya shiga sokawe ko tsohuwar rijiya, iskar ciki tana kisa. A kira 'yan kwana-kwana.

9. In kwanaki sun ja

Kwana uku ko huɗu babu labari ba ya nufin ta mutu ko an sace ta. Kyanwa mai tsoro takan yi kwanaki a maɓuya ɗaya, wani lokacin fiye da mako, sai ƙishi da yunwa sun fi ƙarfin tsoron sannan ta fito. Don haka ka koma wuraren da ka riga ka duba, ka sake dubawa, don tana iya sauya maɓuya da dare. Bayan mako guda ka faɗaɗa da'irar zuwa mita 500, ka sabunta takardun da suka yage, ka sake bi ta wajen mai shayi da masu gadi, don mutane suna mantawa. Muzurun da ba a fiɗiye ba da macen da ke neman barbara sukan fi yin nisa, su a faɗaɗa musu da wuri. Da damina a riƙa duba kwatoci kafin hadari ya sauko.

10. Bayan ta dawo

Kai ta ɗaki ɗaya mai shiru, da ruwa, kaskon yashi da wurin ɓuya, ka hana yara damunta. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. In ta daɗe ba ta ci ba, cika mata kwano lokaci ɗaya yana iya yi mata illa. Ban da madarar shanu, tana sa yawancinsu zawo, ban da abincin da aka sa wa albasa ko tafarnuwa.

In ta wuce kwana biyu a waje, ko ta rame, ko tana ɗingishi, ko ta ƙi ci, likitan dabbobi ya gan ta. Kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi kwanaki ba ci, kitse yakan taru a hantarta, alamarsa dasashi, farin ido da cikin kunne su yi rawaya kamar mai shawara. Wannan ba ya jira. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan biranen jihohi, da asibitocin koyarwa na jami'o'i a Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A duba ƙuma da kaska da raunin cizo, a sabunta rigakafi. Mace da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba tana iya dawowa da ciki, wanda ke ɗaukar kimanin kwana 63 zuwa 65.

Gargaɗi: kada a ba kyanwa farasitamol ko kaɗan, guba ne a gare ta, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kada a shafa mata maganin ƙuma na karnuka ko a fesa mata maganin sauro, da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin wanda jikinta ba ya iya sarrafawa.

Ta yi kwanaki a ɗakin nan har sai ta fara ci sosai tana fitowa tarbarka da wutsiya a sama, sannan a buɗe mata sauran ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan ka toshe inda ta bi ta fita: ragar tagar da ta yage, ɓallen silin, ramin kwatar banɗaki. Ko da kana da niyyar barinta ta riƙa fita tsakar gida, a jira mako 2 zuwa 4, kuma fitar farko ta kasance da safe kafin ta ci abinci, kana tsaye, ƙofar ɗaki a buɗe a bayanta.